Yadda ake cire kalmar sirri daga PDF da Word da Excel ba tare da ka miƙa takardarka ga kowa ba

Mafi yawan masu neman yadda za su cire kalmar sirri daga fayil ba manta ta suka yi ba, tana hannunsu, abin da ya dame su shi ne banki ya turo musu sitetmen a kulle, su kuma suna so su ɗora shi a shafin neman biza ko tallafin karatu ko rance, sai shafin ya ƙi karɓa, ko ya karɓa amma wanda zai duba a can ya kasa buɗewa ya ture takardar gefe. Wani kuma mai shago ne da ya kulle Excel ɗin lissafinsa tun da daɗewa, yanzu yaran shago ne ke shigar da kaya, kullum sai an kira shi a waya a tambayi kalmar. To aikin nan mai sauƙi ne ƙwarai, da abin da ke cikin kwamfutarka ko wayarka za ka yi shi, ba sai ka sayi komai ba, ba kuma sai ka tura takardarka wani shafin da ba ka san masu shi ba. Sharaɗin dai shi ne fayil ɗin naka ne ko mai shi ya ba ka izini, kuma ka san kalmar. In ba ka san ta ba to magana ta canza, za mu zo kanta can ƙasa.

Ka fara gane wane irin kulle ne a kai

PDF yana da kulle iri biyu kuma mutane da yawa suna haɗa su wuri guda. Na farko shi ne wanda da zarar ka danna fayil ɗin sai akwati ya fito yana neman kalmar sirri, ba za ka ga ko harafi ɗaya ba sai ka saka ta. Wannan kullen na gaske ne, domin abin da ke ciki gaba ɗaya an hautsina shi da lissafi, kalmar ce kaɗai ke warware shi. Na biyu kuwa fayil ɗin zai buɗe lafiya lau, ka karanta, amma ka zo yin firintin ko kwafar rubutu ko gyara sai ka ga maɓallin ya dushe ba ya dannuwa. Na farko kamar kwaɗo ne a ƙofar ɗaki, na biyu kuma kamar takarda ce aka manna a ƙofar da ke buɗe aka rubuta kar a taɓa kaya, manhajar da ka buɗe fayil ɗin da ita ce ke girmama umarnin ta hana ka.

In kana so ka tabbatar, buɗe fayil ɗin da Adobe Acrobat Reader na kyauta, ka danna Ctrl da D tare, ka shiga ɓangaren Security, a nan za ka ga jerin abin da aka yarda da wanda aka hana, Printing da Content Copying da sauransu, kowanne da Allowed ko Not Allowed a gabansa. Ka duba layin Printing da kyau domin hanyar farko da za mu bi a kansa ta dogara.

Kuma kafin ka taɓa komai ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye a wata folda daban. Asalin nan mai kulle kar ka share shi, kar kuma ka yi sebin sabo a kansa da suna ɗaya, akwai ranar da za a ce maka asalin da banki ya turo ake so.

PDF a kwamfuta, da Chrome kawai

Wannan ita ce hanyar da nake ba kowa shawara ya fara gwadawa, saboda kusan babu kwamfutar da ba ta da Chrome ko Edge, kuma ko babu data tana aiki, fayil ɗin ba ya fita daga kwamfutarka ko da kuwa a burawza ka buɗe shi.

Je inda fayil ɗin yake, ka danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Open with, sannan Google Chrome. Ko kuma ka buɗe Chrome ɗin ka jawo fayil ɗin ka sake shi a tsakiyar shafin, duk ɗaya ne. Akwatin neman kalmar sirri zai fito, ka rubuta ta a hankali, ka lura da babban baƙi da ƙarami, sannan ka danna Submit. Da takardar ta bayyana sai ka danna Ctrl da P tare kamar mai shirin firintin. A gefen dama za ka ga Destination, galibi sunan firintar da aka taɓa haɗawa da kwamfutar ne a wurin, ka danna shi ka canza zuwa Save as PDF, in ba ka gan shi a jerin ba ka danna See more zai fito. Ka tabbatar Pages yana kan All, don kar ka fitar da shafi ɗaya kawai cikin goma sha biyu. Sai ka danna Save, ka zaɓi folda, ka ba shi sabon suna wanda za ka gane, misali ka ƙara kalmar "buɗaɗɗe" a ƙarshen sunan.

Kar ka tsaya nan. Rufe Chrome ɗin gaba ɗaya, ka je ka danna sabon fayil ɗin, in ya buɗe bai tambaye ka komai ba to aiki ya yi. Sannan ka gangara har shafin ƙarshe ka ga adadin shafukan ya yi daidai da na asali, ka duba gefen dama ko an yanke layin da balans yake, domin sitetmen mai faɗi wani lokaci yakan matse.

Abin da ya faru a nan shi ne Chrome bai fasa komai ba, kai ka buɗe masa da kalmarka, shi kuma ya sake rubuta abin da yake gani a sabon fayil wanda ba a saka wa kulle ba. Shi ya sa akwai abubuwan da ba sa biyo shi. In takardar tana da sa hannu na dijital, wato irin wanda manhaja ke iya tantancewa ta ce ba a taɓa takardar ba tun da aka sa hannu, to wannan ya tafi, hotonsa zai iya zama a shafin amma tantancewar ba ta nan. In fom ne mai guraben da ake cikewa, guraben sukan daskare su zama rubutu kawai. Jerin babi da ke gefe a manyan takardu shi ma yakan ɓace. Don haka in ofishin da za ka kai wa takardar masu tsanani ne a kan sahihanci, gara ka tambaye su tukuna ko suna karɓar kwafin da aka buɗe, wasu sun fi son ka tura asalin ka rubuta musu kalmar a wani gurbi, wasu kuma sitetmen mai hatimin banki suke so wanda sai ka taka zuwa reshe.

A jerin Destination ɗin za ka iya ganin Microsoft Print to PDF, wanda ke zuwa da Windows 10 da 11. Shi ma yana fitar da fayil marar kulle, amma ni na fi son Save as PDF na burawzar, saboda wancan wani lokaci yakan kumbura fayil ɗin ko ya mayar da rubutun yadda ba a iya kwafarsa, kuma shafukan ɗora takardu da yawa suna da iyakar girman fayil da suke karɓa.

In kuwa ka buɗe ka ga alamar firinta ta dushe, to mai takardar ya haɗa kulle biyun ne, hanyar nan ba za ta yi ba, ka tsallaka zuwa maganar Acrobat da qpdf.

A waya

Mai Android ya sauke fayil ɗin daga imel tukuna, kar ya tsaya a kallonsa cikin Gmail. Ka buɗe shi da mai karanta PDF na Google Drive, ka saka kalmar, ka taɓa ɗigo ukun nan da ke sama ta dama, ka zaɓi Print. A saman sikirin akwai inda ake zaɓar firinta, ka taɓa shi ka ɗauki Save as PDF, wani zagayayyen maɓalli mai alamar PDF zai fito, ka taɓa shi, ka zaɓi folda da suna ka adana. Tsarin yakan ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Samsung da Redmi amma kalmomin nan biyu, Print da Save as PDF, su za ka nema. Akwai wayoyin da a wannan matakin sukan ƙi, su nuna kuskure maimakon hoton shafukan, in taka ta yi haka kar ka ɓata lokaci, ka tura fayil ɗin kwamfuta da kebul ka bi hanyar Chrome. Abin da ba na so ka yi shi ne ka shiga Play Store ka sauke manhajar farko da ta ce tana cire fasiwod, sannan ta nemi izinin ganin lambobin wayarka da saƙonninka ka danna Allow. Me ya haɗa buɗe PDF da saƙonnin tes ɗinka, inda lambobin OTP na banki ke shigowa?

Mai iPhone ya adana fayil ɗin a Files, ya buɗe, ya saka kalmar, ya taɓa alamar turawa wato akwatin nan mai kibiya sama, ya zaɓi Print. A ƙasa ƙananan hotunan shafuka za su fito, ka ɗora yatsu biyu a kan ɗaya ka ware su kamar mai ƙara girman hoto, takardar za ta cika sikirin, sai ka sake taɓa alamar turawa ka zaɓi Save to Files. A Mac kuma Preview ne zai buɗe, bayan ka saka kalmar ka je File, Print, a ƙasa akwai maɓallin PDF, ka ɗauki Save as PDF.

Wasu in abin ya gagare su sai su bi shafukan ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar hoton sikirin su haɗa. Gaskiya kar ka yi wannan a takardar da za ta je ofis, rubutun yakan dushe, agogon waya da alamar batir duk su fito a sama, kuma wanda zai duba zai iya zargin an yi wa takardar kwaskwarima.

Acrobat, PDF24 da qpdf

In wurin aikinku akwai Adobe Acrobat Pro, wato na kuɗi, shi ne ke cire kullen daga jikin fayil ɗin ba tare da ya sake gina shi ba. Ka buɗe, ka saka kalmar, Ctrl da D, Security, a gaban Security Method ka canza daga Password Security zuwa No Security. In akwai kulle na biyu zai nemi kalmarsa, wadda za ta iya bambanta da ta buɗewa. Ka danna OK sannan ka yi sebin, domin sai ka yi sebin canjin ke zama. Reader na kyauta ba ya wannan, nuna maka kawai yake yi.

Wanda ba shi da Acrobat Pro akwai PDF24 Creator, manhajar kyauta ce ta wani kamfani a Jamus, ana girka ta a Windows kuma tana aiki ba tare da intanet ba. A cikin kayan aikinta akwai na buɗe PDF, ka jawo fayil, ka rubuta kalmar, ta fitar maka da sabo. Ka lura fa suna da shafin intanet mai irin wannan aikin, wanda ake girkawa a kwamfuta nake nufi, kuma daga shafinsu na asali za ka sauke.

Ga masu kafe da ma'aikatan akawu da ke da fayil da yawa kuwa, qpdf ya fi komai. Ƙaramar manhaja ce ta kyauta, ba ta da maɓallai, umarni ake rubuta mata. Bayan ka girka ta, ka buɗe Command Prompt a foldar da fayil ɗin yake, hanya mafi sauri ita ce ka danna layin adireshin foldar a sama ka rubuta cmd ka danna Enter, sannan ka rubuta:

qpdf --password=KALMARKA --decrypt kulle.pdf bude.pdf

Inda na sa KALMARKA ka sa taka, kulle.pdf sunan fayil ɗinka ne, bude.pdf kuma sunan sabon da zai fito. In sunan yana da tazara a ciki ka saka shi tsakanin alamun zance. In Windows ya ce bai san qpdf ba, to ba a nuna masa inda aka girka ta ba ne, sai ka rubuta cikakken adireshin qpdf.exe a farkon layin. Kyawunta shi ne guraben fom da jerin babi duk suna nan yadda suke. In kuma kana da sitetmen na wata goma sha biyu duk da kalma ɗaya, ka ƙirƙiri folda mai suna bude a ciki, ka rubuta:

for %f in (*.pdf) do qpdf --password=KALMARKA --decrypt "%f" "bude\%f"

zai bi su duka ya zuba buɗaɗɗun a sabuwar foldar. Fayil mai kulle na biyu kaɗai, wanda ke buɗewa amma ya hana firintin, qpdf tana iya ɗauke shi ko ba ka ba ta kalma ba, saboda kamar yadda na faɗa ba kwaɗo ba ne. Amma iyawa daban, halacci daban. In takardarka ce da ka kulle ka manta, bismillah. In littafin wani ne ko darasin da malami ke sayarwa ya hana kwafa don kar a raba shi a guruf, to haƙƙinsa ne, kar ka ci.

Maganar shafukan intanet

Duk wanda ya bincika wannan batu a Google zai ci karo da iLovePDF da Smallpdf da ire-irensu, kuma suna aiki, ba zan ce ba sa yi ba, ka ɗora fayil ka saka kalmar su ba ka buɗaɗɗe. Manyan cikinsu suna cewa suna share fayil bayan ɗan lokaci. Amma ka tsaya ka duba me ke cikin sitetmen ɗinka: cikakken sunanka, lambar asusu, adireshin gida, albashinka da ranar da yake shigowa, sunayen waɗanda kake tura wa kuɗi. Duk wannan ka ɗora shi a kwamfutar wasu a wata ƙasa, tare da kalmar sirrin, a kan aikin da Chrome zai yi maka cikin minti ɗaya ba tare da fayil ɗin ya motsa ba. Kuma ba duk shafin da ya fito a sakamakon bincike ne sananne ba, akwai na bogi masu kama da su. In jadawalin lacca ne ko takardar da ko an gani ba komai, to ba laifi. Takardar banki, sakamakon asibiti, takardar albashi, kwantiragi, waɗannan kam a'a.

Word, Excel da PowerPoint

Nan ma sai ka buɗe fayil ɗin da kalmarsa tukuna, a manhajar da aka girka a kwamfuta, ta burawza ba ta wannan aikin. A Word ka je File, Info, Protect Document, Encrypt with Password. Ƙaramin akwati zai fito da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ciki, su ne kalmar, ka goge su duka ka bar gurbin fayau, ka danna OK, sannan Ctrl da S. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su goge su rufe ba su yi sebin ba, gobe su tarar da kullen yana nan. A Excel sunan maɓallin Protect Workbook ne, a PowerPoint kuma Protect Presentation, sauran duk iri ɗaya.

In fayil ɗin yana buɗewa amma yana neman wata kalma kafin ya bari ka gyara, yana ba ka zaɓin Read Only, to wannan a wani lungu aka ɓoye shi. Ka saka kalmar ka shiga, ka je File, Save As, Browse, a kusa da maɓallin Save akwai Tools, ka danna ka zaɓi General Options, za ka ga gurbi biyu, Password to open da Password to modify, ka goge wanda kake so, sannan ka adana.

Sai kullen cikin shafi. A Excel in ka danna gurbi ka fara rubutu sai saƙo ya fito cewa shafin a kāre yake, ka je Review ka danna Unprotect Sheet ka saka kalmar, kuma kowane shafi da nasa, in shafi biyar aka kulle sai ka bi biyar ɗin. In sunayen shafukan ne ba sa canzuwa ko ba a iya ƙara sabo, Protect Workbook da ke nan cikin Review ɗin za ka danna. A Word kuma Review, Restrict Editing, can ƙasa Stop Protection. Wani lokacin ma babu wata kalmar sirri, layin nan ne mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a saman fayil ɗin da aka sauke daga intanet, Enable Editing kawai za ka danna, in ka yarda da wanda ya turo.

Mai amfani da LibreOffice ya buɗe da kalmar, ya je File, Save As, ya cire alamar da ke kan Save with password, shi ke nan.

Akwai wata dabara ga wanda ya kulle shafin Excel ɗinsa da kansa ya manta kalmar, fayil ɗin yana buɗewa amma ba ya gyaruwa. Fayil mai ƙarewa da xlsx a zahiri ZIP ne, an tattara ƙananan fayiloli a ciki. Ka yi kwafi, a kan kwafin za ka yi aiki. Ka girka 7-Zip na kyauta, ka danna kwafin da maɓallin dama, 7-Zip, Open archive, ka shiga foldar xl, sannan worksheets, za ka ga sheet1.xml da sheet2.xml da sauransu. Ka jawo wanda kake so zuwa Desktop, ka buɗe shi da Notepad, rubutu zai cika sikirin a cunkushe kar ya tsorata ka, danna Ctrl da F ka nemi sheetProtection. Ka goge daga alamar < da ke manne a gaban kalmar har zuwa alamar /> ta farko da ta biyo baya, kar ka ƙara ko harafi ɗaya a kai, ka yi sebin, ka jawo shi ka mayar cikin tagar 7-Zip ɗin ya maye gurbin tsohon. In ka buɗe Excel ɗin shafin zai gyaru. In ba ka sami kalmar a sheet1 ba ka duba na gaba, lambobin ba lallai su bi jerin shafukan da kake gani ba. A Word irin wannan layin sunansa documentProtection, yana cikin settings.xml a foldar word. Amma in ka buɗe da 7-Zip ba ka ga foldar xl ba sai wani abu mai suna EncryptedPackage, to kullen buɗewa ne na gaske, dabarar nan ba ta da abin da za ta yi masa.

ZIP da RAR ba su da wani dogon zance. Ka warware kayan da kalmar zuwa wata folda, sannan ka sake naɗe su a sabon ZIP ka bar gurbin kalmar sirri babu komai. In Windows ya ƙi warwarewa ko da kalmar daidai ce, galibi an kulle shi ne da AES, wani tsarin kulle mai ƙarfi, wanda mai buɗe ZIP na Windows ba ya ganewa, 7-Zip ko WinRAR za su buɗe, a Android kuma ZArchiver.

In kalmar ce ta ɓace

Gara in faɗa maka gaskiya, kullen buɗewa na zamani ba shi da ƙofar baya. Tun daga Office 2007 Microsoft ke amfani da AES, kuma a cikin akwatin saka kalmar ma sun rubuta gargaɗi cewa in ta ɓace ba a dawo da ita. PDF shi ma ya baro tsohon tsarin RC4 mai rauni na shekarun farko ya koma AES, sababbin fayiloli har da mafi ƙarfinsa, AES-256. Manhajojin da ke cewa suna fasa kalmar sirri ba wani siddabaru suke yi ba, gwadawa suke yi ɗaya bayan ɗaya. In kalmar lamba shida ce, hanyoyi miliyan 1 ne kacal, kwamfuta za ta gama da su. In ranar haihuwa ce, ranakun shekara 100 ma ba su kai 37,000 ba. Amma in doguwa ce mai haɗe da baƙaƙe manya da ƙanana da lambobi da alamomi, to ko shekaru aka bar kwamfutar tana gwadawa ba za ta kai ba, kuma yawancin irin waɗannan manhajojin da ake rabawa a matsayin kyauta ko fasassu bairos ne a ciki.

Don haka ka fara da abin da ke kusa. In daga banki ne, ka koma imel ɗin da ya kawo takardar ka karanta shi har ƙasa, kusan kullum a nan suke bayanin yadda kalmar take, kuma kowane banki da tsarinsa, kar ka ɗauka na wancan zai yi a wannan. Ka duba ko Caps Lock a kunne yake, ka duba Num Lock in da lambobin gefen kibod kake rubutawa. In kwanan wata ne ka gwada rana da wata da shekara a haɗe ba tazara, ka gwada shekara mai lamba huɗu da mai biyu, kar ka manta sifilin farko. In kwafo kalmar ka yi daga saƙo, sau da yawa tazara takan biyo ta a ƙarshe ba ka gani, ka rubuta da hannu. In takardar aiki ce ka tambayi wanda ya riƙe kujerar kafin kai, ka duba tsofaffin imel da filash ko akwai kwafin da aka ajiye kafin a kulle. In duk ya ƙi, ka koma wurin wanda ya fitar da takardar ya sake ba ka wata, banki zai sake buga maka sitetmen, makaranta za ta sake turo sakamako. Fayil ɗin da ba naka ba kuwa, ka same shi a kwamfutar ofis ko a wayar wani, kar ka gwada, shiga bayanan mutum ba izini cin amana ne kuma a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shi.

Bayan ka buɗe

Sabon fayil ɗin nan yanzu duk wanda ya same shi zai karanta, don haka ka ɗora shi inda ake buƙata sannan ka share shi, ka bar asalin mai kulle. In a kafe ka yi aikin, kai ka rubuta kalmar da hannunka, kar ka karanta wa yaron kafe ita da baki mutane na ji. Kafin ka tashi ka shiga Downloads da Desktop da Documents ka nemi fayil ɗin, mai kulle da buɗaɗɗe, ka zaɓe su ka danna Shift da Delete tare don kar su faɗa Recycle Bin, ka leƙa Recycle Bin ɗin ma ka tabbatar. Ka fita daga imel ɗinka, ka rufe Command Prompt in ka yi amfani da shi domin kalmar tana rubuce a fili a wurin. In ta WhatsApp ka tura wa mai kafe takardar, ka tsaya a gabansa ya share ta daga hirar da kuma foldar da ta sauka a kwamfutarsa, in kuma naka WhatsApp ɗin ka haɗa da kwamfutar, ka shiga Linked devices a wayarka ka cire ta kafin ka bar wurin.